Fijo Mai Jar Ƙofa

Wanda ya san tashar motar Daura shekaru talatin da suka wuce, idan ya tsaya a bakinta yau, akwai abin da idonsa zai nema ya rasa: mota mai jar ƙofa. A wancan lokaci da wuya a jera Fijo biyar masu lodin Kano ko Katsina ba a samu ɗaya da ƙofarta guda, ko gefen but ɗinta, ko murfin injinta ya sha wani jan fenti mai duhu marar ƙyalli ba, sauran jikin kuma fari ko ruwan toka. Haka za ta yi wata biyu ko uku tana zirga-zirga ta Kazaure da Ɗambatta, har ranar da mai ita ya tara kuɗin fentin sama. Ba wanda ke ganin abin kunya ne. Jan nan shaida ce cewa an kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, an kuma rufe shi tun tsatsa ba ta kama ba.

Yanzu mota takan shiga gareji ranar Litinin a lotse, ta fito ranar Laraba tana ɗaukar ido. Fentin sama ya ƙara kyau ƙwarai. Abin da ke ƙarƙashinsa kuwa, sai damina ta zo ake sani.

Motar da aka fi shafa wa jan nan tana da nata tarihin. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da samfurin 404 a 1960, ya biyo da 504 a 1968, wadda aka zaɓa gwarzuwar motar Turai a 1969. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna, a shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, kuma a shekarar ce 504 ta lashe tseren Safari na Kenya. Daura a lokacin Kaduna ce babban birnin jiharta, don sai a 1987 aka ƙirƙiro jihar Katsina. Alƙali da hakimi da shugaban makaranta da ɗan kasuwa, kowa burinsa Fijo, ga kuma bashin mota da gwamnati ke bai wa ma'aikatanta. A-kori-kura ita ce jakar kasuwannin Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu. Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har wajen 2006, fiye da shekara ashirin bayan an daina ƙera ta a Faransa.

Wanda ya sayi mota a zamanin, da niyyar zama da ita ya saya. Idan ta gama hidimar Alhaji ta koma haya, idan ta gaji da fasinja ta koma ɗaukar awaki da buhuna, kuma a kowane mataki jiki mai ƙwari ake nema. Inji ana sauke shi a gyara a mayar, giya ana canzawa, amma bodi idan ya ruɓe, motar ta tafi ke nan. Shi ya sa mai gyaran bodi yake da daraja a gareji daidai da bakanike.

Tsatsa abu uku take buƙata: ƙarfe da iska da danshi. A cikin ƙasa ƙarfe yana haɗe da iskar oksijin, wuta ce ke raba su, kuma daga ranar da aka narka shi yake neman hanyar komawa yadda yake. Gishiri da asid suna gaggauta masa tafiyar. Ita tsatsa kumbura take yi ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka take ɗaga fenti ya yi bororo, bororon ya fashe, ruwa ya sami sabuwar ƙofa.

Ta wannan fuska Allah ya yi wa ƙarfe gata a ƙasar Daura. Daga Oktoba zuwa Mayu da wuya a ga ɗigon ruwa, kuma ruwan da ake samu a shekara bai kai rabin na Legas ba. Ƙarfe ba ya saurin tsatsa idan laimar da ke cikin iska ta gaza kashi 60 cikin ɗari, a tsakiyar hunturu kuwa tana iya faɗuwa ƙasa da kashi 20. Motar da iskar teku za ta rarake a kudu cikin 'yan shekaru, a nan sai ta tsufa da rufinta lafiya lau. Abin da ke kashe motar Daura daga ciki yake fitowa, daga kayan da take ɗauka. Fitsarin awaki da tumaki na ranar kasuwa yana bin tsagin daɓen mota ya kwanta. Buhunan kanwa da gishiri da ke shigowa ta Kwangwalam suna zuba garinsu a lunguna. Takin zamani yana cin ƙarfe fiye da yadda manomi ke zato. Ruwan batir yana ɗiga a mazauninsa, lakar Agusta tana manne a saman taya ta yi mako ba ta bushe ba, ruwan da ya shiga ƙarƙashin shimfiɗar roba kuma ba mai ganinsa. Tsofaffin fasinjoji ba su manta da motar da ake hango kwalta tana gudu ta tsakanin ƙafafu ba.

Sai dai yanayin da ke kare ƙarfe shi ke ɓata fenti. Hunturu ba danshi, amma ƙurarsa tana sauka a kan ɗanyen fenti ta bar shi da kaushi. Damina ba ƙura, amma ƙarfen da aka kankare da hantsi yana iya yin ja-ja kafin la'asar. Masu sana'ar sun san da wannan, shi ya sa suke son babban aiki ya faɗo da kaka, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Da sassafe suke feshi kafin iska ta tashi, bayan yaran gareji sun yayyafa wa filin ruwa ƙura ta kwanta.

Tsohon mai gyaran bodi da kunne yake fara aiki. Yakan bi jikin motar yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa ko ƙaramar guduma. Inda ƙarfe ke da lafiya amonsa a sarari yake, inda ya ruɓe ko aka cusa masa wani abu sai a ji dum. Wurin da ya mutu ba a lallashinsa, yanke shi ake yi har a kai ga mai rai. A auna ramin da kwali, a yanko faci daga tsohuwar ƙofar wata motar, a kunna wutar walda, warin kabaid ya cika rumfar. Walda kan sa ƙarfe ya murɗe, don haka sai a bi shi da guduma daga waje, hannu ɗaya kuma yana tare da dunƙulen ƙarfe daga ciki, ana bugu ana shafawa da tafin hannu, har ya koma siffarsa. Daga nan aiki ya koma hannun yara. Samfefa mai kaushi tukuna, sannan mai laushi, su yi ta gurza har yatsu su yi kanta, tsohon fenti ya tafi, ƙarfe ya fito fari yana walƙiya.

A nan ne maigida ke tsananta ido. Dokar rumfar ita ce ƙarfe ba ya kwana tsirara. Yaron da ya dafa wurin da aka kankare zai ji tsawa: "Kai, ɗauke hannunka!" Gumin hannu yana da gishiri, kuma da damina, in aka bar wurin ya kwana, da safe za a ga shatin yatsu biyar sun fito da tsatsa. Sai a goge ƙarfen da tina a tsumma mai tsabta, a bari ta bushe, a buɗe gwangwanin ja a gauraya shi da kyau don launin kan kwanta a gindi. Lunguna da bakin walda da cikin ƙofa, inda feshi ba ya kai, da buroshi ake bin su. Fili kuma a fesa masa siriri, a jira ya sha iska, a ƙara wani siririn. Mai gaggawar da ya zuba da kauri zai ga fentin yana zubar da hawaye, samansa ya bushe cikinsa ɗanye.

Mai mota ba ya rasa matsa lamba. "Malam, ba za a watsa mata farin kawai ba? Ina da ɗaurin aure ranar Juma'a." Shi kuwa maigida, ba tare da ya ɗago daga aikinsa ba: "Alhaji, a yi haƙuri. Tun ran gini, ran zane. Ka tafi da ita a haka, in ka dawo mu ƙarasa." Ta haka jar ƙofa take fita titi.

Wannan tunani ya girmi mota a ƙasar Hausa. Maƙeri yakan shafa wa sabuwar wuƙa mai kafin ya kai ta kasuwa. Manomi yana gama aikin kaka yake kankare lakar garma da fartanya ya rataye su inda ba raɓa. Takubban da ake fita da su hawan Sallar Gani sai an goge an shafa musu mai ake mayar da su kube. Direbobi suka ɗauki dabarar suka kai ta ƙarƙashin mota: gabanin damina a sa yaro ya kwanta ya shafe ta da baƙin man da aka juye daga inji. Duka dai manufar ɗaya ce, a shiga tsakanin ƙarfe da danshi. Shi kansa jan fentin, launinsa daga garin tsatsar ƙarfe ake samu, abin da ya riga ya gama haɗuwa da iska ba ya da sauran canzawa. Man da aka kwaɓa shi da shi ne ke manne wa ƙarfe ya toshe hanya.

Canji ya fara ne daga aljihu. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin albashi. Kasuwa ta koma ga motocin da Turawa suka gama hawa, 'yan Beljiyam, waɗanda ake saukewa a Kwatano a hauro da su ta Nijar, su shigo ta iyakokin Katsina. Golf da Sharan da bas-bas na Toyota suka karɓe lodi a tasha. Da yawansu sun zo da ciwon da ba a saba gani ba a nan, domin a Turai gishiri ake watsa wa tituna lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin kuma yana maƙalewa a ƙarƙashin mota da cikin gindin ƙofa yana ci a ɓoye.

Abin da ya fi wannan tasiri shi ne yadda mota ta daina zama a hannu ɗaya. Ana saye ne da tunanin sayarwa, mai saye kuma ƙyalli yake fara kallo. Nan fila ta samu sarauta. Asalin aikinta cike 'yan ƙananan ramukan da guduma ta bari, shafi siriri. Amma ta fi bugu sauri nesa ba kusa ba: maimakon a wuni ana fito da lotsewa, sai a cike ta da fila, wani lokaci a kan tsohon fenti, wani lokaci a kan tsatsar ma, a goge a fesa. Aikin ya zama tamkar yaɓe a kan bangon da gara ta cinye. Fila kuwa tana shan ruwa. Zafin Afrilu da gargadar hanya su tsaga ta, ruwan Yuli ya shiga ya kwanta tsakaninta da ƙarfe, kafin kaka bororo ya jeru a gindin ƙofa. Gogaggun dillalai sun san haka, shi ya sa wasunsu ke yawo da ɗan mayen ƙarfe a aljihu. Inda ya ƙi kamawa, kyan ɗan maciji ne.

Ɗora wa mai sana'a laifin duka ba adalci ba ne. Kayan fenti mafi yawa daga waje suke zuwa, ko kuma da sinadaran waje ake haɗa su. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017, an rufe iyakokin a Agustan 2019, sannan a 2023 aka cire tallafin mai naira ta sake faɗuwa. Direban da ke lissafin kuɗin mai da na balas kowace yamma ba zai iya ajiye motarsa mako biyu a gareji ba. Idan aka gaya masa kuɗin aiki mai kyau da na aikin sauri, ya san wanda ya fi, amma na biyun yake iya biya. Yaron da a da zai yi shekaru yana gurzar samfefa kafin a ba shi bindigar feshi, yanzu yana ganin sa'ansa na kan babur yana komawa gida da kuɗi kullum.

Duk da haka, wanda ya ce komai na da ya fi na yanzu bai duba ƙarƙashin motocin ba. A 1963 kamfanin Ford ya fara tsoma bodin mota cikin kwatamin fenti yana amfani da lantarki don fentin ya shiga kowane lungu, dabarar da aka inganta a ƙarshen shekarun 1970 har ta game masana'antu. A tsakiyar shekarun 1980 Audi ta fara lulluɓe bodin motocinta gaba ɗaya da tutiya, irin wadda ke hana kwanon rufi tsatsa. Golf ta huɗu da ta fito a 1997 ta zo da alkawarin shekara 12 tsatsa ba za ta huda jikinta ba. Bamba ta koma roba. Fasinjan yau da wuya ya hango kwalta ta ƙasan mota.

Shi ma jan fentin yana da nasa rauni, wanda masu shafa shi ba su cika faɗa ba. Ba a yi shi don ya fuskanci rana da ruwa shi kaɗai ba. Watannin da jar ƙofa ke yi a titi, rana tana cinye mansa ya koma gari, danshi yana ratsawa a hankali, har wani lokaci sai an sake kankarewa kafin a yi fentin sama. Akwai kuma wani jan da aka daɗe ana amfani da shi a duniya wanda da dalma ake haɗa shi. Yana hana tsatsa sosai, amma ƙurarsa guba ce, kuma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ba wanda ke bukatar a yi masa bayanin gubar dalma a Arewa. Masu feshi na da tsumma suke ɗaurawa a hanci, in an tashi aiki a sha madara da imanin tana wanke ƙirji. Madara ba ta fitar da abin da ya shiga huhu, tarin tsofaffin masu fenti ya isa shaida. Baƙin man direbobi ma yana lalata robobin ƙarƙashin mota, yana tara yashi, yana kashe ƙasar da ya zuba a kai.

Yau a shagunan fenti na Kano ana samun abin da tsofaffin ba su taɓa riƙewa ba. Akwai firaima ta ifoksi, gwangwani biyu da ake haɗawa a lokacin aiki, wadda in ta daskare ruwa ba ya ratsa ta, har ana iya shafa fila siririya a kanta. Akwai mai ɗan asid da ke cizon ƙarfe don fenti ya kama. Akwai ruwan da ake shafa wa ragowar tsatsa a lungun da samfefa ba ta kai ya mayar da ita baƙa ta daina ci. Su ma da sharaɗinsu, domin fentin zamani mai haɗi biyu yana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, tsumma ba ya tare shi sai takunkumi na gaske. Kayan aiki dai sun fi na da. Abin da ya ragu shi ne dalilin yin aikin, wato mutumin da ke nufin ya riƙe motarsa shekara ashirin ya kuma bar wa ɗansa.

Su kuwa Fijon da suka rage, 'yan gwangwan ne ke bin su gida-gida. A daddatsa da gatari da wutar walda, a ɗora a sikeli, a loda a babbar mota zuwa inda za a narka. A Faransa kamfanin Peugeot ya buɗe gidan adana tsofaffin motocinsa a garin Sochaux tun 1988, kuma masu sha'awar 504 a Turai suna neman bodi mai lafiya ido rufe, don nasu gishiri ya cinye. Irin bodin da suke nema yana nan a wasu gidajen Daura, a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya, magada sun kasa sayarwa saboda ta mahaifinsu ce, sun kuma kasa gyarawa. Busasshiyar iskar ƙasar ta yi musu rabin aikin, domin sau da yawa daɓe da gindin ƙofofi da mazaunin batir ne kawai suka taɓu.

Wanda ya yi niyyar tayar da irin wannan mota, hanyar ba ta ɓace ba. A jira ruwa ya ɗauke. A cire kujeru da shimfiɗa da gilasai a ga gaskiyar abin da ke ƙasa. A yanke ruɓaɓɓe a yi faci da ƙarfe, a kankare yanki-yanki daidai abin da za a iya rufewa a ranar, a goge da tsumma mai tsabta, a fesa ifoksi siriri sau biyu, a bi bakin walda da abin toshe tsaga, a zuba mai ko kakin hana tsatsa cikin ƙofofi, a tabbata ramukan fitar ruwa na gindinsu a buɗe suke. Fentin sama yana iya jiran kuɗi, wannan karon ba tare da danshi ya ratsa ba.

Daura tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tun 2019, tana da jami'ar sufuri, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa ta garin. Gadoji da taragu da tankuna duk ƙarfe ne, dukansu kuma za su nemi wanda ya san yadda ake shirya ƙarfe kafin fenti. Ɗaliban suna karanta yadda tsatsa ke aiki a littafi. Masu gane ruɓaɓɓen ƙarfe da ƙwanƙwasar yatsa suna nan a garejojin garin, yawancinsu furfura ta cika musu kai, wasu sun daina ɗaga guduma sai dai su zauna a benci suna nuna wa yara. Tsohuwar 504 guda da za a ja zuwa ɗakin koyon aiki ta isa ta haɗa su wuri ɗaya na tsawon zangon karatu, kuma kuɗinta a wurin magada bai wuce abin da ɗan gwangwan zai biya ba.